Bolton kafin zuwan Okocha: abun da tsoffin hotunan garin suka nuna da wanda suka bari a waje

Yawancinmu in aka ce Bolton ba abun da ke faɗo mana a rai sai Okocha, daga 2002 zuwa 2006, lokacin da ake cika gidan kallo maƙil don kawai a ga yadda zai yanke Bature ya bar shi zaune a ƙasa. Ni kaina na daɗe ina ɗauka Bolton sunan kulob ne kawai, ashe gari ne guda mai tarihin da har ya taɓo mu nan ba mu sani ba. Abun da ya ja ni ciki tsoffin hotunan garin ne, baƙi da fari, waɗanda gidan tarihin garin ke ajiye da su, kuma tunda na fara kallonsu nake ta jujjuya magana ɗaya a raina, wai shin in ka kalli tsohon hoto garin kake gani ko kuwa idon wanda ya riƙe kyamarar.

Bolton dai tana arewa maso yammacin Ingila, kusan mil 10 daga Manchesta, a da tana cikin yankin da ake kira Lankasha, kuma sana'arta ta asali kaɗin zare ce. A nan Samuel Crompton ya haɗa injin kaɗinshi a 1779, injin da mutum ɗaya zai tsaya a kai yana lura da ɗaruruwan mazarai lokaci guda, ka tuna kakarka da mazari ɗaya da alli a hannu ka ga bambancin. Shi Crompton ɗin bai yi rajistar injin da sunanshi ba, wasu suka kwashi arziki da shi, majalisa ta ba shi fam 5,000 a 1812, ya mutu a 1827 ba shi da wani abun kirki, sai daga baya aka yi mishi mutum-mutumi a tsakiyar gari. Zuwa 1929 garin na da masaƙu 216 da wuraren wanke yadi da rini 26. Masaƙa 216 fa a gari ɗaya, kusan kowacce da dogon bututun hayaƙinta, duk kwal suke ci.

To nan ne hoton ke fara yi maka wayo. Za ka ga hoton da aka ɗauka daga kan tudu, ga bututan hayaƙi tsaye reras kamar itacen giginya, sama tas, kana hango har ƙarshen gari, ka ce kai ashe garin ma ba laifi. Amma a ranar aiki ta yau da kullum ba za ka iya ɗaukan wannan hoton ba, hayaƙi ya rufe komai kamar hazon hunturu mai kauri. Masu hoto a garuruwan Lankasha sun san haka, shi yasa in suna son hoton gari gaba ɗaya sai su jira ranar Lahadi ko makon hutun shekara, wanda a Bolton yake faɗowa ƙarshen watan Yuni, lokacin da ake kashe injina duka a yi musu gyara, ma'aikata su cika jiragen ƙasa su tafi bakin teku a Blackpool. Wato hoton da ya fi nuna maka garin sarai shi ne wanda aka ɗauka ranar da garin ba ya aiki kuma rabin mutanenshi ba sa nan. Haka ma hotunan farko-farko na zamanin Sarauniya Biktoriya, za ka ga titi fayau ba kowa kamar an yi dokar hana fita, alhali mutane na nan suna wucewa, kyamarar lokacin ce sai an bar idonta a buɗe na ɗan lokaci, duk abun da ke motsi sai ya zama inuwa ko ya ɓace gaba ɗaya, wanda ya tsaya cak ne kawai ke fita. Mai gaggawar zuwa aiki ba ya shiga tarihi kenan, sai ɗan sanda da mai shago da ya tsaya bakin ƙofa.

Hotunan da suka fi shahara kuma su ne na 1937 da 1938, kuma labarin yadda aka ɗauke su ya fi su kansu ban mamaki a wajena. Wani saurayi ne Tom Harrisson, bai kai shekara 30 ba, ya je ya zauna a tsibiran New Hebrides, ƙasar da yanzu ake kira Vanuatu, yana nazarin al'adun mutanen can irin yadda Turawan lokacin ke yi, a zauna da littafi ana rubuta yadda "ƙabila" ke ci da sha da aure da binne gawa. Da ya dawo gida sai ya ce to ai mu ma ba mu san talakawanmu ba, masu mulki a Landan da 'yan jarida suna ta magana da sunan jama'a amma ba wanda ya taɓa zama ya lura da yadda jama'ar ke rayuwa. Shi da Charles Madge da Humphrey Jennings suka kafa ƙungiyar Mass Observation a 1937, Harrisson ya kama gida mai lamba 85 a titin Davenport cikin Bolton, ya tara 'yan sa-kai, ya laƙaba wa garin suna Worktown, wato garin aiki, don kar a gane inda ake nufi. Aikinsu su bazu cikin gari suna saurare suna rubutawa ba tare da an sani ba, a coci, a kasuwa, a taron siyasa, a mashaya, har da agogo suke duba minti nawa mutum ke yi kafin ya shanye kofin giya. Wallahi abun in ka karanta kamar aikin 'yan leƙen asiri.

Mai hotonsu Humphrey Spender ne, ɗan masu hali daga Landan, ya yi makarantar kwana mai tsada, yana aiki da jaridar Daily Mirror. Ya zo Bolton zuwa-zuwa ya ɗauki hotuna kusan 900 tsakanin garin da Blackpool. Ƙa'idar ita ce kar mutane su san ana ɗaukansu, don haka ƙaramar kyamara ya riƙe yana ɓoye ta cikin kwat, ya ɗan buɗe ya danna ya rufe. Shi da bakinshi daga baya ya sha faɗin cewa bai ji daɗin aikin ba, yana jin kanshi kamar baƙo a wata ƙasa, Turancin mutanen ma da ƙyar yake ganewa, su kuma da ya buɗe baki sun san ba nasu ba ne.

Duk Bahaushen da ya taɓa kallon hotunan Kano ko Zariya ko Katsina na zamanin Turawa zai gane wannan kallon. Mutum ya zo daga nesa, yana da kyamara kai ba ka da ita, ya zaɓi abun da ya ba shi sha'awa ko mamaki, ya ɗauka, ya tafi, a ƙarƙashin hoton a rubuta "masu rini" ko "mai tallan nono" ba suna ba unguwa. Abun da Harrisson ya yi shi ne ya juya wannan kyamarar ya haska ta kan Turawa 'yan'uwanshi, kuma talakan Bolton ya sha irin abun da muka sha, ya zama "ma'aikaci", "mata a kasuwa", "yara na wasa". Da hotunan suka fara fitowa sosai a shekarun 1970 da 1980 akwai mutanen garin da ransu ya ɓaci, suna ganin 'yan kudancin Ingila masu kuɗi sun zo sun kalle su kamar dabbobin gidan zu sun nuna wa duniya datti da talauci. Ban ga laifinsu ba. Amma kuma gaskiya in ba don wannan leƙen ba da abubuwa da yawa sun tafi ba shaida, domin mai hoton gari da ake biya ba zai ɓata fim ɗinshi kan shanya ba.

Shanyar nan kuwa tana cikin hotunan da na fi tsayawa a kai. Gidajen ma'aikata jere suke, jan bulo, bango ɗaya ya haɗa ka da maƙwabci, ɗaki biyu ƙasa biyu sama, bayan gida a waje, a bayansu kuma akwai siririn lungu da aka shimfiɗe da duwatsu. Ranar wanki sai a ɗaura igiya daga wannan bango zuwa wancan, zannuwan gado farare su tare lungun gaba ɗaya. Ka tuna fa garin da toka ke sauka daga sama ne dare da rana, amma mace ta dage sai zaninta ya fita fari kuma a bainar maƙwabta za ta shanya, matan har dokin ƙofa suke gogewa da wani dutse ya yi fari, wadda ba ta goge nata ba a yi da ita. Wannan ba sai an yi wa matar Bahaushe bayani ba. Akwai hotunan yara suna wasa a kangon fili cikin tarkace, akwai zane-zanen alli da suka yi a bango wanda Spender ya bi yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, akwai mai maganin gargajiya a kasuwa ya tara jama'a yana zuba, sak irin namu na tasha mai lasifika, akwai maza a mashaya suna buga domino kowa da hular hana-sallah a kai, akwai jana'iza, akwai yara riƙe da allunan kamfe lokacin zaɓen cike gurbi na Farnworth a 1938. Hular ma kanta bayani ce, mai hana-sallah lebura ne, mai malafa ko doguwar hula ko dai akawu ne ko mai gida, a hoto ɗaya za ka iya raba mutane aji-aji ba tare da kowa ya ce uffan ba.

Sai dai ka lura duk abubuwan da na lissafa a waje suke, titi, kasuwa, fili, mashaya. Cikin gida kusan babu, saboda mai ɓoye kyamara a kwat ba shi da hanyar shiga ɗakin mutane, shi kuma Spender yana jin nauyin kutsawa. Rayuwar mace a ɗaki, girki, jego, jinyar tsoho, lissafin kuɗin haya ranar Juma'a, duk ba su samu shiga ba. Cikin masaƙa ma hotunan kaɗan ne in ka gwada da na titi, a garin da aka sa wa suna garin aiki fa, domin masaƙa tana da mai ita kuma sai da izininshi. Kuma ko an shiga, akwai abun da hoto ba ya ɗauka. Ƙarar injinan saƙa ta kai mutane na kurmancewa, mata suka koyi magana da leɓe suna karanta bakin juna daga nesa. Ɗakin kaɗi zafi ne da gumi don da gangan ake riƙe danshi kar zare ya tsinke, maza na aiki ba takalmi a kan daɓen katako da ya sha mai. Ƙurar auduga na shiga huhu a hankali har mutum ya kasa hawa bene, man injin kuma ya jawo wa masu kaɗi da yawa kansar fata. A tsoffin hotunan ƙofar masaƙa na wajen 1900 za ka ga yara ƙanana cikin ma'aikata, mata da mayafi da takalmin katako, yaran na dariya suna leƙen kyamara, to waɗannan ba rakiya suka zo ba, 'yan rabin rana ne, yaro ɗan shekara 12 ya yi rabin yini a masaƙa rabi a makaranta yana gyangyaɗi, sai dokar ilimi ta 1918 ce ta kawo ƙarshen tsarin.

Babban abun da ke wajen hoton kuma shi ne audugar kanta. Ingila ba ta noma auduga ko ƙwaya ɗaya, sanyi ba zai bari ba. Duk bututun hayaƙin nan da kake gani akwai gona a wata ƙasa mai zafi da ke ciyar da shi, a wani zamani galibi gonakin bayi na kudancin ƙasar Amurka, shi yasa da yaƙin basasar Amurka ya tashi a 1861 masaƙun Lankasha suka tsaya mutane suka shiga yunwa. Wannan tsoron ne ya sa suka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a Manchesta a 1902 don su samo auduga daga ƙasashen da suke mulka, kuma arewacin Najeriya na cikin inda suka fi sa rai. Layin dogo da ya iso Kano a 1911 har da lissafin auduga aka shimfiɗa shi. Sai dai lissafin bai fita yadda suka so ba, masaƙan Kano da masu kaɗi na gida suna sayen auduga da tsadar da ta fi ta Bature, manoma kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, in farashi ya faɗi ma ka ci abarka, sai taragon da aka tanada don auduga ya cika da gyaɗa.

Ita Bolton ma zare mai laushi ta ƙware a kai, wanda sai da auduga mai dogon gashi irin ta Masar, kuma irin wannan audugar ce aka shiga nomawa a Jazira ta Sudan bayan an gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925. Su wa ke tsinke ta a gonakin Jazira? Da yawansu mutanenmu ne, Hausawa da Fulani da Barebari da suka kama hanyar Makka a ƙafa suka yada zango suna neman guzuri, wasu suka zauna har yau jikokinsu na can. In na kalli hoton matan Bolton suna fitowa daga masaƙa da farar ƙura a gashi sai in tuna da wancan ɓangaren, hoto ɗaya ne aka yage biyu.

Ga kuma wani zaren da ya fi wannan ƙarfi. William Lever, mai sabulun Sunlight, haifaffen Bolton ne, 1851, ɗan mai shagon kayan masarufi. Shi ya sayi tsohon gidan da Crompton ya haɗa injinshi ya gyara ya ba garin ya zama gidan tarihi. Sabulu kuwa mai yake ci, manja da man gyaɗa da na kwakwa, don haka a 1920 kamfaninshi ya saye Kamfanin Neja, wanda a 1929 aka haɗa shi da wani ya zama UAC da kakanninmu suka sani, mai sayen gyaɗa da fata a kantunan Kano. Harrisson da kanshi ya ce abun da ya kai shi Bolton kenan, wai a can tsibirin da ya zauna, abu ɗaya na Turawa da ya ga ya isa wajen shi ne kasuwancin Unilever, sai ya bi sawun har garin da aka haifi mai shi. Ka ga ashe dalar gyaɗa da lungun shanyar nan suna da dangantaka ta jini.

Lokacin da Spender ke ɗaukan hotunanshi kuwa sana'ar ta riga ta fara gangara, hoton ne kawai ba ya nuna gangara, yana nuna maka bututu a tsaye ne. Kololuwar ta wuce tun wajen 1913. Yaƙin duniya na farko ya katse kasuwa, Indiya da Japan suka kafa nasu masaƙun da arha, Indiyawa suka ƙaurace wa yadin Ingila. Akwai sanannen hoton Gandhi na 1931 a Darwen, ɗan ƙaramin gari arewa da Bolton, yana tsaye cikin matan masaƙa suna mishi shewa suna dariya, matan da ƙauracewar da ya jagoranta ta taimaka wajen raba su da aiki. Bayan yaƙi na biyu an ɗan farfaɗo, aka rasa masu aikin dare, sai aka buɗe ƙofa ga mutanen Gujarat da Pakistan a shekarun 1950 da 1960, su suka riƙe injinan a ƙarshen rayuwarsu, kuma su ne asalin masallatan da ke garin yanzu, dangin ɗan dambe Amir Khan ma a Bolton suka sauka. Amma in ka duba irin hotunan da ake yawo da su na "Bolton ta da" da wuya ka gan su, mai aikin dare ba ya haɗuwa da mai hoto, kuma masu kewar da ɗin ma wani lokacin ba su suke son tunawa ba. A 1959 gwamnati ta fito da doka tana biyan masu masaƙu kuɗi su farfasa injinansu. A daidai wannan lokacin wani kamfanin Lankasha, David Whitehead na garin Rawtenstall, ya haɗa hannu da gwamnatin Arewa aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, ita ma ta yi zamaninta ta rufe a 2002, abun da ya ci Doma dai bai bar Awe ba, wanda ya san Kakuri da ƙarfe 2 na rana lokacin canjin aiki ya san abun da nake nufi.

Daga nan hotunan garin suka koma na rushe-rushe. Hukuma ta bi unguwannin jan bulo tana rushewa da sunan kawar da ƙazanta, an samu bayan gida a cikin ɗaki da ruwan zafi, wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne kuma duk mai cewa da ta fi yanzu bai taɓa fita bayan gida cikin ƙanƙara da tsakar dare ba, amma an watsa maƙwabtan da suka shekara 40 bango ɗaya. Wani ɗan garin, Fred Dibnah, mai sana'ar hawa dogayen bututai yana gyarawa, ya ƙare da kayar da su, ya fafe gindin ya tokare da katako ya cinna wuta ya ja baya, bututun ya zube, har ya zama tauraron talabijin a kan haka alhali shi abun na mishi ciwo. Jama'a kan taru su ɗauki hoto, a lokacin kam kowa ya samu kyamara.

Wannan rushe-rushen ya sa gane inda aka ɗauki tsoffin hotunan ya zama aiki, Spender bai rubuta sunan kowa ba kuma sau da yawa ko titi bai rubuta ba. Sai da gidan tarihin ya koma wajen mutanen garin yana tambaya, tsofaffi suna duba hasumiyar coci a bayan hoto ko sunan shago ko lambar taragon lantarki su ce ai nan kaza ne, wani ya ce wannan yarinyar mai riƙe da jariri ai gwaggona ce. Sai bayan shekara 70 da wani abu wasu daga cikin "yara na wasa" suka samu sunansu.

Cikin hotunan akwai na 'yan kallo a Burnden Park, tsohon filin Bolton Wanderers, dubban kawuna da hular hana-sallah a tsaye kafaɗa da kafaɗa ba kujera, masaƙa ta tashi da rana ranar Asabar kowa ya nufo fili. A wannan filin ne ranar 9 ga Maris 1946, a wasan kofin FA da Stoke City, cunkoso ya yi yawa shingen ƙarfe ya karye mutum 33 suka mutu, aka jera gawarwaki a gefen fili aka rufe su da kwat aka ci gaba da wasa. Kulob ɗin ya bar filin a 1997 ya koma sabon filin Reebok a bayan gari, wanda ya ci sunan kamfanin takalmin da shi ma a Bolton aka kafa shi, don haka Okocha bai taɓa buga wa Bolton wasa a Burnden Park ba, ya zo shekara 5 bayan an tashi. Wajen yanzu katon kantin Asda ne da filin ajiye motoci.